Babi na Tara: Wane Tsani Ake Hawa a Kan Musanyar Taraiton?

Ran 11 ga Oktoba 1939 Coleman Hawkins ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a birnin Niyok, 'yan watanni bayan dawowarsa daga Turai inda ya shafe shekara biyar, ya busa "Body and Soul" da saksofonsa. Abin bai wuce minti uku ba. Ya ɗan taɓa karin waƙar a farko, daga nan ya sake shi ya bi kod-kod ɗin da ke ƙarƙashinta yana ƙirƙira nan take har ƙarshe. Waƙar a ki na Db take, kuma hanyar da aka saba bi zuwa gida ita ce Ebm7, sai Ab7, sai Db. Hawkins yakan kauce wa Ab7 ya bi ta D7, ya gangaro rabin taki ya sauka gida. Matasan makaɗan wancan lokaci sun saurari faifan nan har ya goge, kuma cikin shekaru kaɗan wannan kaucewa ta zama abincin yau da kullum a Minton's Playhouse da ke Harlem, inda Thelonious Monk yake zaune gaban fiyano, Dizzy Gillespie da Charlie Parker kuma suna shigowa da dare. Ita ce ake kira musanyar taraiton.

A babin da ya gabata mun tsaya a kan jerin nan na kod uku wanda jaz ya ginu a kansa, wato Dm7, G7, Cmaj7 idan muna ki na C. Bari mu koma can, domin fararen madannai sun fi sauƙin gani. G7 sauti huɗu ne: G, B, D, F. Daga cikinsu biyu ne ke ɗauke da nauyin aikin, B da F. Tazarar da ke tsakaninsu taki uku ce cif, rabin taki shida ke nan, wadda ta raba oktaf gida biyu daidai wa daida. Ita ce taraiton, kuma kunne ba ya samun natsuwa a kanta. B yana son hawa zuwa C, F yana son sauka zuwa E, kuma da zarar sun yi haka an iso gida. To, sai ka duba Db7: Db, F, Ab, Cb. Cb ɗin nan madanni ɗaya ne da B, rubutu kawai ya bambanta. Ashe kod biyun suna riƙe da F da B iri ɗaya, matsayi kawai suka yi musanya: na ukun wannan shi ne na bakwan wancan. Kamar a aiki yaro da saƙo ne, ƙanensa ya karɓa ya kai. Fuska daban, saƙo bai canja ba. Ribar da aka samu tana hannun mai bes, wanda maimakon tsallen D, G, C, yanzu zai gangara D, Db, C, rabin taki bayan rabin taki.

Wannan sashe kowa yana gane shi cikin yini ɗaya. Inda ɗalibai ke shafe watanni shi ne tambaya ta gaba: idan ka ga Db7 a takarda, lokacin busarka ya zo, waɗanne sautuka za ka taɓa?

Amsar da ke fara zuwa ran ɗalibi ita ce wadda aka koya masa a kan kowane kod mai lamba bakwai, wato tsanin Miksolidiyan. A kan G7 yana aiki lafiya, fararen madannai ne daga G zuwa G. Sai ya ɗauko shi ya dasa a kan Db: Db, Eb, F, Gb, Ab, Bb, Cb. A lissafi babu kuskure. Amma ka zauna gaban fiyano ka danna Dm7 da hagu, ka danna Db7, ka tsaya a kan Gb da dama, sannan ka sauka Cmaj7. Za ka ji wani abu ya goce. Dalili biyu ne. Na farko, Gb yana zaune rabin taki a saman F, wanda shi ne ginshiƙin kod ɗin, sai su riƙa gugar juna. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, Gb sauti ne na wani ki dabam. Tsanin da ɗalibin ya ɗauko tsanin Gb meja ne da aka fara daga mataki na biyar, kuma yana gaya wa mai sauraro cewa Gb za mu sauka. Alhali mai sauraro ya shafe gaɓa takwas ko goma sha shida yana jin C a matsayin gida, kuma bai manta ba. Takarda ta canja sunan kod, kunnensa yana nan inda yake.

Gyaran sauti ɗaya ne tak. Ɗaga Gb rabin taki ya koma G. Yanzu kana da Db, Eb, F, G, Ab, Bb, Cb, tsanin da makarantun jaz ke kira Lidiyan dominan. G ɗin da ka dawo da shi kuwa shi ne tushen kod ɗin da aka cire, shi ne kuma mataki na biyar na gidan da za a sauka. Sauti ne da zai iya tsayawa cak tun daga Dm7, ya ratsa Db7, ya kwana a kan Cmaj7 ba tare da ya motsa ba. Ka gwada riƙe shi da yatsa ɗaya kana sauya kod uku a ƙarƙashinsa. A kan na farko yana da sanyi, a kan na biyu sai ya yi wani haske mai kaifi, a kan na uku ya kwanta. Wanda ya ji wannan sau ɗaya da kunnensa ba zai sake buƙatar a tuna masa dokar ba.

Antonio Carlos Jobim ya rubuta wannan darasi a cikin waƙar da duniya ta haddace. "The Girl from Ipanema", wadda ya tsara a 1962 a Barazil, Stan Getz da João Gilberto da Astrud Gilberto suka ɗauka a 1963, a littattafan makaɗa ana rubuta ta a ki na F ne, ko da yake a faifan Db suka yi ta. Ƙarshen sashenta na farko Gm7 ne, Gb7, Fmaj7, wato Gb7 ya maye gurbin C7. Karin waƙar da kansa yana taka C a kan Gb7 ɗin. C shi ne G ɗinmu na ɗazu idan aka koma ki na F. Saboda haka mai busar da ya ɗauko Miksolidiyan a wannan gaɓa zai yi karo da muryar mawaƙiyar da ta rera waƙar minti ɗaya kafin shi.

Akwai wani abin da ke ɓoye a cikin sautuka bakwan nan, kuma shi ne ya sa nake ganin wannan darasi ya fi yawancin darussan jaz riba. Fara tsanin daga Ab maimakon Db: Ab, Bb, Cb, Db, Eb, F, G. Wannan Ab maina melodik ne. Fara shi daga G: G, Ab, Bb, B, Db, Eb, F. Wannan kuma shi ne jirkitaccen tsani, wanda ake hawa a kan G7 idan ana son a tsananta shi iyakar tsanani. Suna uku, madannai guda. Abin da yake na tara mai laushi a kan Db, wato Eb, shi ne na sha uku da aka sauke a kan G. Abin da yake na biyar talaka a kan Db, wato Ab, shi ne na tara da aka sauke a kan G. Bb na sha uku ne a nan, na tara da aka ɗaga a can. Ma'anar wannan a fagen kiɗa babba ce. A jaz ba kullum ake shawara ba kafin a yi musanya. Mai bes yana iya ganin dama ya taka Db a zagaye na uku bayan ya taka G a biyun farko, babu wanda ya sanar. Mai busar da ke cikin Ab maina melodik bai damu ba, domin ko wanne aka taka yana kan daidai. Idan G ne, za a ji shi da zafi da ƙarfin hali. Idan Db ne, za a ji shi da santsi. Mark Levine, a littafinsa na ka'idojin jaz na 1995, ya tsaya sosai a kan wannan hali na maina melodik, cewa babu sautin da ake gudu a cikinsa, shi ya sa kod-kod ɗinsa ke iya canjin juna.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kariya ce daga komai. Idan mai fiyano ya danna G7 da A da E a sama, sautuka masu haske na fararen madannai, kai kuma ka zauna a kan Ab da Eb, an yi karo, kuma laifinka ne ko nasa gwargwadon wanda bai saurari ɗan'uwansa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu fiyanon bibop sukan rage hannun hagu zuwa sauti biyu, su bar wa mai busa fili.

A ki na maina al'amarin ya fi zama daram. Ɗauki "A Night in Tunisia" ta Dizzy Gillespie, wadda ya tsara a farkon shekarun 1940, Parker kuma ya ɗauka a Maris 1946 wa kamfanin Dial tare da Miles Davis yana matashi. Sashenta na farko kod biyu ne ke kai da komo, Eb7 da Dm, kuma Eb7 musanyar A7 ne. Lidiyan dominan na Eb ya ƙunshi Eb, F, G, A, Bb, C, Db. D maina kuwa D, E, F, G, A, Bb, C. Sauti biyar daga cikin bakwai iri ɗaya ne. Biyu kawai ke motsi, kuma rabin taki suke yi. Duk wanda yake son kunnensa ya saba da wannan launi, ina ba shi shawara ya fara daga nan, domin kod ɗin yana daɗewa gaɓa guda cur, yana kuma dawowa sau da sau, ba kamar wuraren da yake wucewa kafin ƙiftawar ido ba. A buluz ma haka yake. Idan ana ki na F, a gaɓa ta huɗu makaɗa sukan sa B7 domin gangarawa zuwa Bb7. Miksolidiyan na B zai ba ka E. Lidiyan dominan zai ba ka F, sautin gidan waƙar baki ɗaya.

To amma akwai inda Gb ɗin da muka kora yake da haƙƙin dawowa, kuma littattafai da yawa suna tsallake wannan. "Satin Doll" ta Duke Ellington da Billy Strayhorn, ta 1953, kafin ta sauka C tana bi ta Am7, D7, sannan Abm7, Db7. A nan ba Db7 kaɗai aka aro ba, an taho da abokin tafiyarsa. Abm7 kuwa Ab ne, Cb, Eb, Gb. Gb ɗin yana cikin kod, mai fiyano yana danne da shi. Na bugu biyu ko huɗu, waƙar ta leƙa ki na Gb da gaske, kuma mai busa yana iya bin ta can. Irin wannan jerin yana cikin "Blues for Alice" ta Parker, ta 1951, inda Am7 da D7 ke gangarawa Abm7 da Db7 kafin Gm7. A irin wannan wuri Gb yana zaune lafiya a kan Abm7, ya sauka F idan Db7 ya shigo, kamar yadda C ke sauka B a jerin da muka fara da shi. Wanda ya nace wa G a kan Abm7 saboda ya haddace doka zai gogi na bakwan kod ɗin. Saboda haka kafin ka zaɓi tsani, dubi abin da ke gaban kod ɗin da abin da ke bayansa. Sunansa kaɗai ba ya isa.

Sauran tsani biyu da ake ambata ba za su ɗauke mu lokaci ba. Tsanin cikakken taki, Db, Eb, F, G, A, B, sauti shida ne da tazara ɗaya, kuma ko daga G ka fara ko daga Db abu guda ne. Monk ya mai da shi sa hannunsa. Yakan gangaro da shi daga saman fiyano har ƙasa, kuma "Well, You Needn't" da ya ɗauka wa Blue Note a 1947 tana kai da komo ne tsakanin F da Gb. A hannun wani, tsanin yana saurin gundura, domin ba shi da rabin taki ko ɗaya da zai nuna alkibla. Ɗaya kuma shi ne tsanin diminish mai sauti takwas, rabi da cikakke bi da bi: Db, D, E, F, G, Ab, Bb, B. Shi ma ɗaya ne ga G7 da Db7. Yana da E, wanda ke hango gida tun kafin a iso, amma D ɗinsa yana da kaushi a kan bes na Db. Ni ina ajiye shi sai lokacin da kiɗa ya yi zafi, ƙungiya ta buɗe fili.

Shi wannan tsani na diminish yana kai mu ga Barry Harris, mai fiyano ɗan Detroit wanda ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a Niyok har rasuwarsa a Disamba 2021 yana da shekara 91. Tsarin "kowane kod da tsaninsa" ya samo tushe daga littafin George Russell na 1953, ya bazu ta kwalejin Berklee da ke Boston da faya-fayan gwaji na Jamey Aebersold. Harris bai gamsu da yadda ake koyar da shi ba. A wurinsa G7, Bb7, Db7 da E7 'yan gida ɗaya ne, daga kod ɗin diminish guda suka fito, kuma kowanne yana iya tsayawa a madadin ɗan'uwansa. Yakan sa ɗalibai su hau tsanin Db7 a kan G7, ko su taɓa Ab maina mai na shida, su kuma kula da yadda layin zai sauka a kan bugu. Ina ganin yana da gaskiya a babban abu ɗaya. Hawkins da Parker sun yi wannan kiɗa kafin a raɗa wa tsanin sunan Lidiyan dominan. Kod suke ji da inda zai faɗa, sunayen daga baya malamai suka zo da su domin a iya koyarwa a aji. Sunayen suna da amfani, da su nake rubuta wannan babi, amma wanda ya tsaya a kansu zai riƙa hawa da sauka a tsani kamar mai gwajin yatsu, jama'a kuma suna ganewa.

Lissafin lokaci ma yana goyon bayan Harris. Waƙar bibop tana iya gudu bugu 240 a minti, wato bugu huɗu a daƙiƙa. Db7 sau da yawa bugu biyu yake samu, rabin daƙiƙa ke nan, wanda ba ya ɗaukar fiye da sauti huɗu a gudun da aka saba. Ba za ka busa bakwai ba. Tambayar gaskiya ita ce waɗanne huɗu, kuma a kan me na biyar zai faɗa. A nan ne kyan musanyar yake bayyana. Cire G, wanda ba ya buƙatar motsi, duk sauran sautukan tsanin suna da rabin taki tsakaninsu da wani sauti na gida: Db ya sauka C, Eb ya sauka D ko ya hau E, F ya sauka E, Ab ya sauka G, Bb ya sauka A ko ya hau B, B ya hau C ko ya zauna. Babu wanda ke nesa. Gwada wannan: a kan Dm7 hau D, F, A, C, a kan Db7 gangaro B, Ab, F, Eb, ka sauka E. Ko kuma Eb, B, Bb, Ab, ka kwanta a kan G. Layin farko yana shiga kod ɗin da rabin taki, yana fita da rabin taki, kuma waɗannan mahaɗai biyu su ne mai sauraro ke ji fiye da abin da ke tsakiya. Wanda ya busa sauti huɗu na daidai ya faɗa a kan F a farkon Cmaj7 ya ɓata aikinsa. Wanda ya ɗan kauce a tsakiya amma ya sauka E a kan bugu, za a ɗauka da gangan ya yi.

Ga mai neman haske, kod ɗin Eb meja mai sauti uku, Eb, G, Bb, a kan Db7 yana ba da na tara da na sha ɗaya da aka ɗaga da na sha uku a lokaci guda, kuma yana da sauƙi a yatsu. Ga mu kuma akwai wata ƙofa da ta fi kusa. Kari da yawa na kiɗanmu na gargajiya, na goge da kukuma da gurmi, a kan sauti biyar suke tafiya, kunnenmu ya tashi da su. Sauti biyar na Db, wato Db, Eb, F, Ab, Bb, duk suna cikin tsanin da muke magana a kai. Makaɗan shekarun 1960 irin su McCoy Tyner sun gina salo guda a kan zamewa da tsanin sauti biyar daga wannan ki zuwa wancan. Matashin da ke danna fiyano a situdiyo a Kano ko Jos yana iya ɗaukar gajeren kari mai sauti biyar a kan D maina, ya maimaita siffarsa a kan Db, ya sauke shi C. Abin da zai rasa shi ne G da B, kuma idan kunnensa ya nuna, da kansa zai nemo su.

Abin da nake roƙon mai karatu shi ne kada ya wuce zuwa babi na gaba da wannan a takarda kawai. Ka nemi faifan Hawkins na 1939 da na Parker na 1946, ka saurara har ka iya nuna wurin da bes ke gangarawa ba tare da duba rubutu ba. Sannan ka zauna gaban fiyano, ko da ba shi ne kayan kiɗanka ba, ka danna Dm7, Db7, Cmaj7 a hankali, ka rera G da bakinka, ka rera Gb, ka rera layukan nan biyu kafin yatsunka su taɓa su. Idan sun zauna a C, ka kai su F, sannan Bb, sannan Eb, har ka zagaye ki goma sha biyu.